Takalman Bakin Ƙofa

Takalmi na fara gani. Ranar da muka tare a flat ɗinmu na Peckham lift ɗin ba ya aiki, sai da muka hau bene huɗu da ƙafa, Abba a gaba da akwatuna, Umma da tukwane, ni a baya da bokitin da aka cika da cokula da ludayi. Da na ajiye bokitin in huta a doguwar barandar da ƙofofin suke jere, sai na ga takalmi biyu, hagu da dama, a bakin ƙofar da ke kusa da tamu. Na fata ne, na maza, mai buɗaɗɗen gaba. An jera su daidai, bakinsu na kallon cikin gida, kamar yanzu mai su ya shiga. Shekarata sha ɗaya a lokacin, kuma daga Kano na zo, inda da takalmi ake sanin wanda ke cikin ɗaki. Na ce a raina maigidan yana nan.

Sai da muka yi wata guda na gane babu namiji a gidan. Mace ce da 'yarta. Takalman kuma ba a taɓa sa su ba. Na taɓa durƙusawa kamar ina ɗaure igiyar nawa, na leƙa cikinsu, babu shaidar yatsa ko ɗaya. Kullum da safe matar takan fito da tsumma ta goge su. Na hagun ya fi na daman koɗewa, don shi ranar yamma take samu kafin bango ya tare ta. Idan council, hukumar da ke kula da gidajen, ta turo takarda cewa kada a bar kaya a baranda saboda gobara, sai ta shigar da su kwana biyu, rana ta uku su dawo.

Anti nake ce mata. Ita da Umma ba su da harshen da suka haɗa sai sallama, amma da azumi faranti ba ya hutawa tsakanin ƙofofin nan biyu. Umma ta aika da ƙosai, ya dawo da busasshen kifi da aka daka da barkono. Umma takan ci tana share hawaye, tana cewa waɗannan mutane sun fi mu rashin tausayin harshe.

'Yarta sa'ata ce, makarantarmu ɗaya. Mun zama ƙawaye ne don mu biyun ba mu da surutu. Mukan hau bus ɗaya, mu zauna a sama ta gefen hagu, wani lokaci har mu sauka ba wadda ta ce uffan. A makaranta idan aka tambaye ta daga ina take, nakan ga kafaɗarta ta sauka tun kafin ta amsa. In ta ce Myanmar, sai a ce ba ta yi kama da su ba. In ta ce Bangladesh, 'yan matan can su yi mata yarensu da sauri, ta gane rabi. Rannan a bus ta ce mini, "Mu Rohingya ne. Ƙasar da aka haifi kakana ta ce mu baƙi ne. Ƙasar da muka gudu muka je ta ce mu baƙi ne. Na gaji da bayani, shi ya sa nake cewa Peckham."

A hankali, cikin shekara biyu, na tara sauran labarin, yau jimla ɗaya, wani satin biyu. An ƙone ƙauyensu, suka tsallaka kogi, suka zauna a sansanin gudun hijira. Mahaifinta ne ya fara isowa London, ya nema musu takarda. Takardar ta ɗauki matarsa da ƙaramar 'yarsa, ba ta ɗauki babban ɗansa ba, don ya wuce shekara sha takwas. Mahaifin ya rasu bayan zuwansu da shekara guda. Anti da hannunta ta tattara rigunansa da takalmansa ta bayar. Waɗanda ke bakin ƙofa na ɗan ne. Wani mutum da ya je sansanin ziyara ne ya taho mata da zare, wanda ɗan ya auna ƙafarsa da shi, ta kai zaren shagon takalma a Rye Lane ta yi ta gwadawa har ta sami daidai.

Duk Juma'a da safe ɗan yakan kira. Bangon da ke tsakaninmu ba shi da kauri, ina sa kayan makaranta nakan ji muryar Anti ta ɗaga, irin ɗagawar da tsofaffi ke yi in suna ganin nisa ne ke hana a ji su. Wata Juma'a na ji ta fi kullum ƙarfi, kuma ta daɗe. A bus ƙawata ta ce yayanta ya ce ya gaji. A sansanin ba a yarda su yi aiki ba, ba a yarda su fita ba, shekarunsa suna tafiya yana layin karɓar shinkafa. Zai shiga jirgin ruwa zuwa Malaysia. Anti ta roƙe shi, ya ce to, amma ƙawata ta ce ta san irin wannan to ɗin.

Juma'ar da ta biyo baya ban ji komai ta bango ba. Haka ta gaba da ita.

Abba yakan saurari labarai da Hausa a wayarsa yana shan shayi. A watannin nan na fara tsayawa ina ji. Ana maganar jiragen da ke yawo a teku cike da mutane, in sun matso gaɓa sai a miƙa musu ruwa da mai a sake tura su ciki, wannan ƙasa ta tura wa waccan. Abba yakan girgiza kai ya ce, "Kowa na cewa ba nasa ba ne." Sai a shiga labarin gida, an sace mutane a hanyar kaza, ya ƙara girgiza kai, ya kashe, ya tafi aiki.

A sati na tara da yankewar kiransa ƙawata ta gaya mini a tashar bus cewa wani mutum ya kira daga sansanin. Ya ce an ji wani jirgi ya nutse. Bai san ko shi ne na yayanta ba. Jirage da yawa sun tashi a kwanakin, ba wanda ya rubuta sunan kowa.

"Mamarki fa?" na ce.

"Tana sa wayar a caji sau uku a rana."

Da yamma na gaya wa Umma. Ta dawo ke nan daga gidan kula da tsofaffin da take aiki, ta zauna tana murza ƙafa. Ta daina murzawar, ta yi salati. Sannan ta ce, "Kuma ba wanda ya zo mata?"

Na san dalilin tambayar. Watanmu huɗu a London kakana na wajen uwa ya rasu a Kano. Lokacin ba mu san kowa ba. Umma ta shimfiɗa tabarma a falo ta zauna kwana uku, kamar yadda ake yi, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai mai kawo wasiƙa. Daga baya ta sha faɗa cewa muddin tana da rai, ba wanda zai yi irin wannan zama a kusa da ita.

Ta ɗauki waya ta rubuta a group ɗin matan Hausawa cewa maƙwabciyarta, Musulma, ba ta da kowa a garin nan, ta rasa ɗanta a teku, a daure a zo gaisuwa ranar Lahadi bayan azahar.

Na ce, "Umma, ba su ce ya rasu ba fa."

"Sati tara a ruwa?" Ta dube ni da idon da ya yi ja don gajiya. "Uwa ba ta iya faɗa da bakinta. Sai an zo an taya ta."

Sau ɗaya na faɗa. Ina iya ƙarawa da cewa da safiyar ranar ma na ga Anti tana goge takalman. Ban ƙara ba. Na je na wanke shinkafar masa da za a jiƙa.

Ranar Lahadi mata goma sha ɗaya suka zo. Na ƙirga su ta takalmansu, da suka taru a bakin ƙofar Anti har suka rufe waɗancan biyun. Sun zo da kuloli, masa da miyar taushe, shinkafa, kunun gyaɗa, dabino. Wasu daga aikin safe suka wuto, da rigar aiki a ƙarƙashin hijabi. Ɗaya tana ba da haƙuri cewa an yi cancel ɗin train ɗinta, sai bus biyu ta hau. Babbarsu wata Hajiya ce da kowa ke rusuna wa. Mijinta ɗan kasuwa ne, ya rasu, ya bar mata gida a wajen Charing Cross. Ita ke haɗa suna da biki da makoki na duk wanda ba shi da dangi a nan, ita ta fara jawo Umma cikin mutane.

Anti ta buɗe ƙofa ta ga taro. Ta yi murmushi, don ta ɗauka ziyara ce. Ta shiga ta ɗora ruwan shayi, ta fito da ƙaramin faranti na koren ganyen nan da suke naɗe goronsu a ciki suna taunawa, ta ajiye a tsakiya. Matan suka ƙi kujera, suka zauna a ƙasa jikin bango, suka miƙe ƙafa, suka sunkuyar da kai. A nan na ga murmushin ya fara tsayawa. Wannan zaman ba ya bukatar tafinta.

Hajiya ta ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Anti ba ta jin Hausa, amma ta san Larabcin da ake yi wa mamaci, an yi wa mijinta. Hannuwanta suna kan cinyarta, ba ta ɗaga su ba. Wayarta tana gefenta a kan darduma, igiyar caji a jiki.

Da aka shafa, Hajiya ta waiwayo ta neme ni. "Ke 'yar nan, matso. Ki faɗa wa yarinyar da Turanci, ita ta faɗa wa uwar. Ki ce mun zo yi mata gaisuwa. Ki ce ta yi haƙuri, wanda ya rasu a ruwa shahidi ne, ya riga mu samun hutu."

Ido ashirin da biyu a kaina. Na matsa kusa da ƙawata, na faɗa mata da Turanci, duka, ban rage komai ba. Ta dube ni. Ba harara ba ce. Irin kallon da take yi wa masu tambayarta daga ina take ne, ban taɓa zaton zai zo kaina ba. Ta juya wajen mahaifiyarta ta faɗi wani abu gajere, wanda na tabbata ba abin da na ce ba ne.

Anti ta ɗauki wayar ta nuna wa Hajiya, ta ce da ɗan Turancin da take da shi, ɗanta zai kira. Juma'a.

"Allah sarki," in ji wata a bayana, a hankali. "Ba ta karɓa ba tukuna."

"Haka yayata ta yi da aka ɗauke mijinta a hanyar gona," in ji ta kusa da ita. "Shekara biyu tana zuba masa tuwo."

"Ya dawo?"

Aka raba masa da miya, aka ci kaɗan. Anti ta zagaya da shayi, ba ta tsallake kowa ba.

Da la'asar suka tashi. Umma tana ciki tana juye sauran abinci a kwanukan Anti, ni aka tura in riƙe wa Hajiya jaka a waje. Mata suka yi ta neman takalmansu, tarin yana raguwa, har ya rage biyun nan, an ture na daman ya kife. Hajiya ta tsaya a kansu.

"Na wane ne?"

"Na ɗan ne, Hajiya."

"Kai. A bakin ƙofa? Kullum ta fita ta gani, ta shigo ta gani? Ai wannan shi ke hana ciwon warkewa." Ta sunkuya da kyar, tana dafa gwiwa, ta ɗauke su ta sa a ledar da aka kawo dabino. "Ni ma sai da aka raba ni da hular Alhaji da ƙarfi, daga baya na gode. A bayar sadaka, ladan ya same shi. Ki gaya wa Ummanki."

Ba da mugunta ta yi ba. Har ta shafa ledar kafin ta ɗaure. Ina tsaye da jakarta a hannu, bakina a rufe, na raka ta har lift.

Ban gaya wa Umma ba.

Da safiyar Litinin na fito da jakar makaranta na tarar da Anti a durƙushe a bakin ƙofarta, tsumma a hannu. A kan siminti akwai shatin takalman, wuri biyu da suka fi sauran haske. Ta leƙa ƙasan baranda, ta duba bayan tukunyar fulawar maƙwabta. Na gaishe ta, ta amsa. Na sauka bene ban jira lift ba.

Ƙawata ba ta tashar bus. Da na hau sama na gan ta can gaba ta dama, kusa da wata mata mai barci. Haka Talata. Ranar Laraba ta zo ta zauna kusa da ni, ba ta dube ni ba.

"Council sun ɗauke takalman," ta ce. "Mama ta sa ni na je wajen mai shara sau biyu. Ya ce bai gani ba. Yanzu ta ce wai alama ce. Jiya ba ta sa wayar a caji ba, ni na sa."

Na san in na yi shiru maganar za ta zauna a kan council har abada, kuma ba wanda zai yi mamaki. Na yi shirun. Bayan an tashi na bi ta Rye Lane, na shiga shago uku. A na ukun na ga irinsu sak, har na ɗauka na juya. Sai na tuna na hagun nan da rana ta ci shekara da shekaru. Wadda ta goge abu kowace safiya ba za a ba ta wani a ce shi ne ba. Na mayar.

Ranar Alhamis da yamma na gaya wa Umma. Tana yanka albasa, ta ajiye wuƙar, ta zauna a kujerar kicin. Ta daɗe tana kallon bangon da ke tsakaninmu da su.

"Tun Lahadi kika sani."

"E."

"Kuma kin gaya mini tun farko ba su ce ya rasu ba." Ba ta jira amsa ba. "Ni dai na ga kaina ne a kan tabarmar nan. Ban tsaya na dube ta ba."

"Umma, ki kira Hajiya."

"In ce mata me? Abin da aka ɗauka da sunan sadaka a dawo da shi? Matar da ta tsallako gari da ciwon gwiwa don na kira ta?" Ta murza goshi. "Ba zan iya ba. Wallahi bakina ba zai iya ba." Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, ranar Lahadi ake zuwa ɗaukar kayan sadakar da Hajiya ke tarawa a kai masallaci.

Juma'a da safe na tsaya jikin bango da safa ɗaya a ƙafa. Ba a kira ba.

Ranar Asabar bayan Islamiyya ban sauka a Peckham ba. Na zarce har Aldwych, na ƙarasa da ƙafa. Sau ɗaya na taɓa zuwa gidan Hajiya, ranar wani suna, amma na tuna baƙar ƙofa da tukwanen fure biyu. A hanya na wuce wasu mutane ƙalilan a tsaye da kwalaye a gaban wani babban gini, ruwa ya jiƙa rubutun har ya zubo, ban iya gane ko na wace ƙasa ba ne. Masu wucewa suna kauce musu kamar yadda ake kauce wa kududdufi. Na yi ta maimaita jimlar da na shirya, kowane maimaici tana ƙara tsawo.

Hajiya da kanta ta buɗe. Tun a zaure na ga ledoji baƙaƙe manya guda biyar a jingine, a saman ta ƙarshe ga ledar dabino, ɗaurinta yana nan yadda ta yi shi.

"A'a, 'yar Peckham. Ke kaɗai? Ummanki ta san kin fito, ko kin fara yawon 'yan London?"

Na cire takalmina na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Umma, ta tambayi Abba da karatunsa da ba ya ƙarewa, ta tambayi makaranta. Ta sa aka kawo mini lemo da cincin. Ta ce na rame, ta ce ko ni ma na shiga sahun masu gudun tuwo. Na ce a'a. Ta ce yaya baiwar Allah nan, ta fara samun dangana? Na ce tana nan. Lemon yana hannuna, sanyinsa ya sa yatsuna sun daskare, ban kai baki ba.

"To," ta ce, ta gyara zama tana dafa gwiwa. "Yarinyar da ba ta magana ba ta hawo bus tun daga Peckham don cincin ba. Mene ne?"

Duk jimlar da na shirya ta tafi. Na ajiye kofin a ƙasa, na dubi kafet ɗin, wani zare ja da ya fita daga layinsa.

"Hajiya, takalman nan," na ce. "Ba a ce ya rasu ba tukuna. Don Allah ki ba ni in mayar mata."